Yadda Ake Fentin Haruffa Masu Tudu a Jikin Tsohuwar Kular Lemo

Kafin firji ya wadata a shagunan Amurka, lemon kwalba cikin ƙanƙara yake kwana. Abin da ake ajiye shi a ciki, wato kula, akwati ne na ƙarfe, cikinsa an shimfiɗe shi da kwano mai ruwan tutiya irin na bokitin ƙarfe, a zuba ƙanƙara da ruwa, a jera kwalabe, a rufe. A 1929 kamfanin Glascock Brothers na garin Muncie a jihar Indiana ya ƙera wa Coca-Cola kular da aka tsayar a matsayin ta bai-ɗaya ga masu shaguna. Daga shekarun 1930 Westinghouse ya shigo harkar, haka ma Cavalier na garin Chattanooga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sai ga ƙananan kuloli masu mariƙi, waɗanda iyali ke ɗauka zuwa shan iska, irin na kamfanin Acton da ke Arkansas City a jihar Kansas, da na Progress da ke Louisville a jihar Kentucky. Ta Coca-Cola ja ce, ta Pepsi galibi shuɗiya, sauran kamfanonin lemo kowa da launinsa.

Abin da ya bambanta yawancin waɗannan kuloli da kayan robar yau shi ne sunan lemon a jikin ƙarfen yake. An saka farantin ƙarfen tsakanin hatimai biyu, injin ya danne shi, haruffan suka taso waje, sannan aka bi samansu da farin fenti. Mai gyaran irin wannan kula zai iya cire tsatsa, ya miƙe lotsewa, ya fesa ja mai ɗaukar ido, amma duk wanda ya tsaya gabanta rubutun zai fara kallo. In farin ya karkace ko ya malalo, sauran aikin ba wanda zai gani.

Ka san sassan harafin tukuna

Sa yatsa ka shafa harafi ɗaya. Za ka ji wurare uku. Akwai filin da ke kewaye da shi, wanda zai zauna ja. Akwai gangaren da ƙarfen ya hau. Sai doron harafin, wato samansa mai ɗan faɗi. Wurin da doro ya fara karyewa ya zama gangare shi nake kira kafaɗa, kuma duk wannan aikin a kanta yake. Farin fenti doro yake hawa, ya tsaya a kafaɗa. Gangaren ja ne, kuma jan nan na gangare shi ke sa harafin ya fito kamar an sassaƙa shi. Da zarar fari ya gangaro ƙasa, harafin zai kumbura, 'yan ramukan cikin "o" da "a" su matse, rubutun ya rasa siririn ƙugun da aka san shi da shi.

Injin da ya buga ƙarfen ya riga ya yi maka rubutun shekaru da dama da suka wuce. Kai bin sahu kawai za ka yi. Shi ya sa mafi girman ɓarnar da ake yi wa kula ita ce a dusashe kafaɗar nan tun wajen kankara da cike, kafin a buɗe gwangwanin farin fenti ma.

Kafin ka taɓa komai

Fara da wanke ta da ruwa da sabulu, ka dube ta da rana. In fentin asali yana nan da ƙarfinsa, 'yan ƙwarzane ne kawai da dusashewa, shawarata ka bar shi. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja fentin masana'anta mai 'yan tabo a kan sabon fenti, kuma abin da ka kankare ba ya dawowa. Wadda tsatsa ta ci, ko wadda wani ya taɓa yaɓa mata fentin ƙofa, ita ce ta cancanci gyara.

In ka yanke shawarar gyarawa, ɗauki hotuna da yawa, daga nesa da kuma dab da haruffan, da ruli a ajiye a gefe. Nemi inda ragowar farin asali yake, ko da ɗan ɗigo ne a wutsiyar harafi, domin shi zai nuna maka iyakar da masana'anta ta tsaya da kuma irin hasken farin. Wasu kulolin suna da ƙananan rubutu da aka buga da fenti kawai ba tare da tudu ba. Waɗannan in ka kankare sun tafi, don haka ɗora takarda mai shara-shara ka kwafe su. Sannan ka manna farar takarda a kan rubutun mai tudu, ka goga gefen fensir a kanta har siffar haruffan ta fito. Ajiye wannan takarda, za ta yi maka amfani in ka zo gyaran harafin da ya lotse.

Kwance duk abin da ke kwantuwa: mabuɗin kwalba, mariƙi, hinjin murfi, bututun zubar da ruwa, robar bakin murfi. Kowane rukuni na sukurori a ledarsa, da rubutun inda ya fito.

Maganar gubar dalma ba ta wasa ba ce. Sai a 1978 Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje da na kayan ɗaki da kayan wasan yara, kuma waɗannan kulolin sun girmi wannan doka da shekaru. Ɗauka cewa fentin jikinta yana da dalma. Mu da muka ga abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Kada ka goge tsohon fenti a bushe, kada ka ƙona shi da wuta, kada ka yi aikin a tsakar gida inda yara ke rarrafe ko ake shanya abinci. Shimfiɗa leda a ƙasa, sa safar hannu da takunkumi mai matatar ƙura, ka tattare dattin ka ɗaure. Kayan da ka yi aiki da su a wanke su daban.

Kankara ba tare da kashe harafi ba

Sinadarin cire fenti, wanda ake shafawa a bar shi ya kumbura fentin, ya fi komai sauƙi ga haruffa. In ya ci, kwashe filin da makankari, amma kusa da rubutu ka koma ga buroshin waya mai laushi na tagulla da tsinken katako. Injin gurza mai faifai ba ya zuwa kusa da haruffa ko kaɗan, daƙiƙa biyu sun isa ya cinye kafaɗa. Feshin yashi mai ƙarfi shi ma yana da hatsari, domin ƙarfen kula siriri ne, yakan lanƙwashe. In dole sai an yi, a rage iska, a yi nesa-nesa.

Tsatsa ta fi son gindin haruffa, inda ruwa ke kwanciya. Goge ta da buroshin waya, ka shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, ka bi umarnin da ke jikin kwalbarsa wajen wankewa da bushewa. In harafi ya lotse, a gyara shi daga baya, bayan an ciro kwanon ciki da abin hana zafi da ke tsakaninsu. Ƙaramar guduma, guntun katako da aka fere daidai faɗin harafin, da jakar yashi a ƙasa. Bugu kaɗan-kaɗan, kana gwadawa da takardar nan da ka kwafa. In hannunka bai saba ba, kai wa mai gyaran jikin mota wanda ka yarda da natsuwarsa, ka tsaya a kansa.

Foti kuwa, wato ƙullin da masu gyaran mota ke cike rami da shi, a 'yan ramukan da tsatsa ta bari kawai zai shiga. Shafa shi siriri da gefen reza, kuma kafin ya daskare ka kwashe duk wanda ya taru a gindin harafi. Na ga kulolin da aka lulluɓe rubutunsu da foti sannan aka goge, haruffan suka koma kamar sabulun da ya sha wanka, babu baki babu iyaka. Irin wannan ko gwanin duniya ne ya riƙe buroshi, ba shi da abin da zai bi.

Haka fentin ƙasa, wanda ake fara fesawa a kan tsiraicin ƙarfe. Mai ifoksi ya fi riƙe ƙarfe da tare tsatsa. Shafi biyu sirara sun isa a kan rubutu. Mai kaurin nan da ake cike ƙwarzane da shi, kai shi fili, ka sassauta hannu in ka zo kan haruffa. Wajen gogewa da sanfefa mai lamba 400 zuwa 600, da ruwa, ninke ta ka bi gangaren da yatsa a hankali. In ƙarfe ya leƙo a kafaɗa, sake ɗan fesawa a wurin.

Jan fenti da haƙurin jiransa

Fesa jan a kan komai, har da haruffan, shafi biyu zuwa uku marasa kauri, bakin feshin yana nesa da kamar santimita 20 zuwa 25. In kana da wani lungu da fentin asali bai sha rana ba, kamar ƙarƙashin mabuɗin kwalba ko cikin leɓen murfi, kai shi wurin mai haɗa fenti ya auna jan da shi kafin ka kankare.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata ka haddace. Fenti mai tina (ruwan tsinka fenti) mai zafi, irin na selulos da masu fentin mota ke amfani da shi, in ya hau kan fentin mai, sai ya tayar da shi ya yamutse kamar fatar tsohuwar goruba. Fentin mai kuwa yana hawa kan busasshen fentin mota lafiya lau. Saboda haka tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne jan ya zama fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake kira 2K, farin kuma ya zama fentin mai na masu rubutun allon talla. Amfanin wannan haɗin babba ne: in ka yi kuskure da farin, tina mai sanyi za ta share shi ba tare da ta taɓa jan ba. Sai dai 2K yana da sinadarin aisosayanet mai lahani ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. In ba ka da kayan kariya na gaske, ba wa mai ɗakin feshi ya yi maka wannan ɓangaren.

Daga nan sai jira. 2K ka ba shi kwana uku zuwa mako. In jan ma fentin mai ne, mako biyu shi ne mafi ƙaranci, wata ɗaya ya fi, domin tinar da za ka goge kuskure da ita tana iya narka shi in bai ƙeƙashe ba. Gwaji biyu ake yi a wurin da ba a gani, kamar ƙasan kular. Danna farce, in ya bar alama, da saura. Sannan jiƙa auduga da tina mai sanyi ka goga, in ta ɗauko ja, da saura. A nan ne na taɓa yin asara. Kwana huɗu da fesa jan fentin mai na hau rubutu, hannu ya goce a wutsiyar harafin farko, na sa tsumma zan goge, sai ja da fari suka cakuɗe suka zama ruwan hoda. Dole na koma sanfefa, na sake fesa gefen gaba ɗaya.

Kayan rubutu

Farin da ya fi suna wajen masu rubutun hannu a Amurka shi ne 1 Shot, fentin mai ne mai yawan launi, yana rufewa da wuri kuma yana bajewa da kansa har sawun buroshi ya ɓace. In ba ka same shi ba, fentin mai mai sheƙi mai kyau zai yi, sai dai zai nemi ƙarin shafi. In kana son kular ta yi kama da mai shekaru, ɗiga ɗan fenti mai launin ruwan ƙwai kaɗan a cikin farin ya ɗan karya haskensa. Fari fat a kan tsohon abu yakan yi tsawa da yawa.

Buroshi shi ne rabin aikin. Na masu rubutu yana da dogon gashi mai laushi, galibi na wutsiyar kurege, bakinsa a yanke a miƙe. Tsawon gashin yana ɗaukar fenti da yawa, ya ba ka damar jan layi mai tsawo ba tare da ɗagawa ba, kuma yana shanye rawar hannu. Lamba 2, 4 da 6 sun ishe ka. Zaɓi wanda in ya baje bai kai faɗin doron harafin ba. In samun irinsa ya yi wuya, je wurin masu rubutu da zane a jikin manyan motoci da allunan shaguna. Su suka san inda ake samun buroshi mai kyau, kuma zaman rabin yini kana kallon yadda suke jan layi ya fi karatu mai yawa.

Sauran kayan: tina mai sanyi ta fentin mai, wadda ake rubuta wa white spirit a jikin gwangwani, da ƙaramin kofi, da shafin mujalla mai santsi ko guntun gilashi, da tsinken goge kunne mai auduga, da tsinken sakace, da tsumman auduga wanda ba ya zubar da zare. Fetur kada ya shigo wurin. Sai sandar jingina hannu: sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kamu biyu ko kusa da haka, ka ɗaure dunƙulen tsumma a kanta ɗaya. Kan mai tsumman yana zama a jikin kula ko a kan tebur, hannun hagu ya riƙe ɗaya kan, tsintsiyar hannun dama ta kwanta a tsakiya.

Lokaci da wuri ma suna cikin kayan aiki. Da sassafe, a inuwa, cikin ɗakin da aka share aka yayyafa wa ruwa. Zafin rana yana sa fenti ya kama kafin ya baje. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, ka rufe tagogi, ka kashe fanka, ka tanadi babban kwali da za ka kife a kan aikin in ka gama.

Jan buroshi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi tsohuwar lambar mota mai haruffa masu tudu, ko murfin gwangwani mai rubutu, ka yi atisaye a kai kwana ɗaya ko biyu, kana yi kana gogewa.

Kwantar da kular ta yadda gefen da za ka rubuta zai kalli sama, a kan bargo. Fenti a kwance yake bajewa, a tsaye yake zuba. Sa fitila daga gefe, ƙasa-ƙasa, yadda hasken zai kwanta a kan ƙarfen. Za ka ga kafaɗar kowane harafi ta fito da wani siririn layin haske. Wannan layin shi ne iyakarka. Goge doron haruffan da tina mai sanyi don cire maiƙon yatsa. In jan yana da santsi sosai, ɗan dusashe doron kaɗai da sanfefa mai lamba 1000 da ka naɗe a guntun katako, don farin ya sami abin kamawa.

Zuba fenti kaɗan a kofi, kada ka yi aiki daga cikin gwangwani. Ƙara tina ɗigo-ɗigo har ya yi kaurin madarar gwangwani mai ruwa. In ya yi kauri, buroshin zai riƙa ja yana barin sawu. In ya tsinke, zai tsallake kafaɗa ya gangara, kuma jan zai riƙa leƙowa ta ƙasa.

Tsoma buroshin har gindin gashi, sannan ka kai shi kan shafin mujallar ka riƙa shafawa gaba da baya, kana juya shi, har fentin ya ratsa cikin gashin, bakinsa ya baje ya yi kaifi kamar kurfi. Wannan mataki shi ne sababbin hannu ke tsallakewa. A nan kake jin fentin: in buroshin yana sulɓi da ɗan riƙo kaɗan, ya yi daidai. Duk tsomawa sai an maimaita wannan shafawar.

Riƙe buroshin kusan a tsaye, tsakanin babban yatsa da manuni, yadda za ka iya murza shi. Sauke shi a doron harafi, ɗan danna har gashin ya buɗe ya kai kafaɗa ɗaya, sannan ka ja zuwa wajenka. Ja ake yi kullum, ba a tura buroshi. Idonka ya kasance a ɗan gaban gashin, inda za ka, kamar mai tuƙa keke. A harafi mai faɗi, bi kafaɗar hagu da ja ɗaya, ta dama da ja ɗaya, in akwai saura a tsakiya ka cike nan take tun fentin yana ɗanye. Inda harafin ya yi lanƙwasa, murza buroshin tsakanin yatsunka yadda bakinsa zai ci gaba da bin kwanar. Inda ya sirance, sassauta dannawa, gashin zai tsuke da kansa.

Rubutun Coca-Cola yana da wuyar sha'ani ta nan. Frank Robinson, akawun John Pemberton wanda ya haɗa lemon a Atlanta a 1886, shi ya fito da sunan kuma ya rubuta shi da salon rubutun hannu na Spencer, wanda 'yan kasuwar Amurka ke yayi a wancan zamani. Salo ne na alƙalami, mai kauri a saukowa, siriri a hawa. Don haka ka bi shi yadda alƙalami zai bi. Wurare biyu ne ke gwada mutum: doguwar wutsiyar "C" ta farko da ta miƙe ƙarƙashin haruffan da ke biye, da kuma saman "C" ta biyu da ya zarce ya ratsa ta cikin madaukin "l". Wutsiyar ka ja ta da numfashi ɗaya in za ka iya. In dole ka tsaya, tsaya a wuri mai faɗi, ka ɗora ja na gaba a kan jiƙaƙƙen bakin na baya. A mahaɗar "C" da "l" kuwa, koma ga hotunanka ka ga inda aka bar ja, ka ɗauki buroshi mai lamba 2.

Fara da manyan haruffa masu miƙaƙƙun layuka, irin kalmar da ke saman sunan, don hannu ya ɗumama. In kai na-dama ne, tafi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, don kada hannunka ya bi ta kan ɗanyen fenti. Juya kular yadda ya fi maka daɗi, babu dokar da ta ce sai rubutu yana kallonka daidai.

Shafin farko ba zai rufe ba. Ja yana da ƙarfi, za ka ga farin ya yi ɗan ruwan hoda a wasu wurare. Kada ka koma kai. Bayan minti biyu ko uku fentin ya fara kamawa, duk buroshin da ya sake taɓa shi zai bar kunya-kunya kamar gona. Kife kwalinka, ka dawo gobe. Shafi na biyu ya fi sauƙi, domin yanzu fari kake bi a kan fari, kuma ka ɗan tsaya cikin iyakar na farko da kaurin gashi ɗaya. Fentin da ba shi da yawan launi yana iya neman na uku.

In hannu ya goce

Zai goce, ko gwanaye yana goce musu. In fari ya tsallake kafaɗa, naɗa ɗan tsumma a bakin tsinken sakace, jiƙa shi kaɗan da tina mai sanyi, ka share daga fili zuwa wajen harafi, shara ɗaya, sannan ka sauya wuri mai tsabta a tsumman. In ka maimaita da wuri ɗaya, hazo fari za ka shimfiɗa a kan jan. Tsumman kada ya jiƙe sharkaf, domin ɗigo ɗaya in ya gangara cikin harafin zai ɓata bakinsa. In harafi ya lalace gaba ɗaya, share shi duka, bar wurin ya bushe, ka sake. In kuma sai washegari ka ga kuskuren, man goge fentin mota mai laushi a kan auduga yakan ɗauke siririn tabo, babba kuwa sai a rufe shi da ɗigon ja.

Hanyoyin da ba na buroshi ba

Wanda hannunsa ke rawa yana da mafita. Ta farko ita ce abin mirginawa na roba mai tauri, irin na masu buga hoto da tawada. Da irin wannan dabara ake shafa launi a lambobin mota masu tudu. Ka murza fenti siriri a kan gilashi har robar ta ɗauka daidai, sannan ka mirgina ta a kan haruffan ba tare da dannawa ba. Tana taɓa doro kaɗai. Tana kyau in gefen kular a miƙe yake kuma haruffan tsayinsu ɗaya. In akwai 'yar lotsewa ko kumburi, za ta tsallake wani wuri ta shafi fili a wani. Soso mai laushi ba ya wannan aiki, nutsewa yake ya shafe gangare. Rufe filin da ke kewaye da takarda kafin ka fara.

Ta biyu ita ce a juya tsarin. A fara fesa fari a wurin rubutun, a bi shi da fenti mai garai-garai, wato marar launi, shafi biyu don ya zama katanga, sannan a fesa ja a kan komai. In ya bushe sarai, a naɗa sanfefa mai lamba 1500 a guntun katako mai tauri, a goga da ruwa a kan haruffan har jan doron ya cinye, farin ya fito. Daga nan a fesa mai garai-garai a kan kular duka. Bakin harafi yana fita da kyau matuƙa ta wannan hanya, amma tana son fentin mota tun daga farko har ƙarshe, kuma in ka zarce ka huda farin, gyaransa akwai wahala.

Ta uku, a lulluɓe rubutun da salatif na masu fenti, a yanke doron kowane harafi da reza, a fesa fari. Ban cika son ta ba. Rezar tana yanka jan har ƙasa, ta buɗe wa tsatsa hanya, kuma fentin yana barin tudu a bakin salatif. Alƙalamin fenti kuwa, bar shi ga ƙananan haruffa 'yan mitsi-mitsi, a manya yana barin layi-layi.

Ni dai buroshi na fi so, domin shi kaɗai ke iya bin harafin da shekaru suka ɗan karkatar.

Rufewa da mayar da kaya

In da fentin mai ka yi rubutun, bar shi haka ba tare da ka fesa komai a kai ba. Yana da sheƙinsa, kuma mai garai-garai na mota yana iya yamutsa shi ko bayan kwanaki. In ka nace sai ka rufe, yi gwaji a kan guntun ƙarfen da ka shafa wa fenti iri ɗaya a rana ɗaya, ka fara da feshi sama-sama.

Ba rubutun mako guda kafin ka mayar da mabuɗin kwalba da mariƙi, ka manna salatif a kewayen ramukan sukurori don kada sukundireba ta goce ta ƙwarzane maka ja. Kakin goge mota sai bayan wata ɗaya. Kwanon ciki mai ruwan tutiya ba ya son fentin mai, ɓarewa yake yi, wanke shi kawai ya isa. In za ka riƙa zuba ƙanƙara a ciki, zubar da ruwan duk dare ka bar murfin a buɗe ya sha iska.

Buroshin kuma kada ya kwana da fenti. Wanke shi cikin tina sau biyu ko uku har ta fito garau, matse shi a tsumma, sannan ka shafa masa ɗan man inji mai tsabta, ka daidaita bakinsa da yatsu, ka kwantar da shi a akwati inda gashin ba zai lanƙwashe ba. Ranar da za ka sake aiki, wanke man da tina kafin ka tsoma shi a fenti.